Goyon Aro

Takardar ta iso ƙaramin asibitin Tsamiyar Kolo ranar Litinin, sha huɗu ga Agusta, a motar da ta kawo safar hannu da takunkumi. Layi huɗu ne a jikinta. An dakatar da awon yara sai abin da hali ya yi. Kada a shigo da yaro mai lafiya harabar asibiti. Ɗakin gefe zai zama wurin kwantar da yaran da ake zaton sun kamu da mashaƙo, kafin mota ta kwashe su zuwa Kano. Layin ƙarshe ya ce sauran ayyuka su ci gaba yadda aka saba.

Dorathy Shago, wadda ta shekara tara tana riƙe da asibitin, ta karanta layin ƙarshen sau biyu. Ɗakin gefen nan shi ne ɗakin tazarar haihuwa. Ranar awon yara, Talata, ita ce ranar da mata ke zuwa allurar wata uku. Ita ce ma ta haɗa ayyukan biyu a rana ɗaya, tun shekararta ta farko, bayan ta yi wata biyar tana zaune da kwalin allura ba wadda ta leƙo.

Wanda ya san garin ya san dalili. Gidajen Tsamiyar Kolo a warwatse suke cikin gonaki, amma gona na manne da gona, kuma hanya ɗaya ce ke zuwa asibiti. Tana bi ta tsakanin famfon burtsatse da rumfar injin niƙa, inda ba a rasa tsofaffin mata da 'yan mata daga hantsi zuwa la'asar. Macen da ta wuce da goyo, ba mai tambayarta. Wadda ta wuce ba goyo, ba ciki, ba tari, kafin ta koma gida labarinta ya riga ta isa. Saboda haka wadda ba ta da jariri sai ta ara. Ta leƙa gidan maƙwabciya ta ce a ba ta 'yar nan ta raka ta unguwa. Uwar ta kwance zani ta miƙa. Ba a tambayar wace unguwa. A asibiti Dorathy ta ɗora yaron a sikeli, ta faɗi nauyinsa da ƙarfi yadda na kan benci za su ji, ta rubuta a babban littafi, sannan ta ce matar ta shigo ciki ta karɓi saƙo. Minti uku ya isa. Mata sittin da ɗaya ne a wannan tsari a daminar da mashaƙo ya shigo.

Cikin sittin da ɗayan, guda ce Dorathy ta ja wa layi da jan biro: Falta, matar Iliyasu mai awon wake a Dawanau, 'yar zuriyar Barebarin da suka kafa garin. Bara da bazara ta yi naƙudar kwana biyu, mahaifa ta fashe, aka kai ta Bici a bayan akori-kura. An ɗinke ta, an ƙara mata jini leda huɗu, jaririn bai zo da rai ba. Likitan ya kira Iliyasu ya faɗa masa a gabanta cewa in ta ƙara ɗaukar ciki kafin shekara uku, ba lalle ta tashi ba. Iliyasu ya ce ya ji, ya amince da allurar, daga ranar bai ƙara tayar da maganar ba. Uwarsa da ƙannensa mata ba su sani ba. Su ƙirgen watanni suke yi, suna roƙon Allah ya mayar mata da madadin wanda ta rasa. 'Ya'yan Falta biyu sun wuce goyo, don haka duk wata uku takan ari Zakiyya, 'yar Huseina, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su.

Wa'adin allurar Falta ya cika washegarin zuwan takardar. Ƙa'idar aiki ta ba da rangwamen mako huɗu. Bayan haka sai an tabbatar babu ciki kafin a yi, abin gwajin kuwa ya ƙare tun watan Yuli. Mako huɗun zai cika sha biyu ga Satumba, daidai lokacin da Iliyasu ke baro Dawanau ya dawo gida yankan gero, ya yi wata guda cur.

Talatar farko ba wadda ta zo. Dorathy ta yi zaton haka. Ta kwashe kayan tazara daga ɗakin gefe ta jera a kabad ɗin ofishinta, ta shimfiɗa katifu uku a inda suke. Kafin Alhamis katifun sun cika. Abokiyar aikinta, Goodness, an ɗauke ta zuwa aiki a Kano inda ake kwantar da masu cutar, ya rage ita kaɗai da maigadi. Yaran da ake kawowa kamanninsu ɗaya: zazzaɓi marar zafi sosai, ƙin abinci, kumburin wuya, sannan wata yana mai ruwan toka a can cikin maƙogwaro. Motar tana zuwa kwana biyu sau ɗaya. Daga cikin shida na farko da ta ɗauka, huɗu suka dawo da ransu.

Talata ta biyu ma benci ba kowa sai iyayen marasa lafiya. Da azahar Inna Asama'u, ungozomar garin, ta zo ta tsaya a bayan wayar da ta kewaye asibitin, ta ƙi shigowa. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen garin, har da Dorathy, duk da cewa gidan su Dorathy na can unguwar Kiristoci bayan rafi.

"'Yar Shago, har yanzu ba a kwance miki bakin ba?" in ji ta, tana nuna takunkumin da haɓa. "Jakin Micah na unguwarku ma an cire masa nasa tun da ya daina shiga gonar mutane."

"Shi ai ya tuba, Inna. Ni ban tuba ba."

"Ina kika ga ranar tuba, kina tsire mutane."

Dorathy ta matso jikin wayar ta rage murya. Ta ba ta sunaye goma sha ɗaya na waɗanda wa'adinsu ya wuce, ta ce a faɗa musu su zo kowace rana, kowane lokaci, amma su kaɗai. Ta maimaita: kada wadda ta zo da yaro, nata ko na wani. Ta ce in suna jin kunyar hanyar famfo, su ratso ta cikin gonar geron da ke bayan asibiti, za ta bar ƙofar baya a buɗe.

Tsohuwar ta yi mata kallon wanda bai san gari ba. Ta ce geron ya fi tsayin mutum yanzu, kuma matar aure ta fito daga cikinsa ita kaɗai da rana tsaka, gara a ce allura ta je. Dorathy ta ce to ita za ta bi su gida. Asama'u ta tuna mata gidan Alhaji na bakin masallaci, inda ma'aikata suka shiga makon jiya neman wanda ya yi hulɗa da mai cutar. Tun ranar ba wanda ya sayi furar gidan, ba wanda ya bari ɗansa ya taka zauren. Duk gidan da Dorathy ta shiga yanzu, an sa masa alama ke nan. Gidan ita Asama'u ma kada ta fara, masu ciki na zuwa wurinta.

"Falta fa, Inna?"

Asama'u ta daina taunar goro. Ita ce ta riƙe kan Falta a bayan akori-kurar nan har Bici.

"Zan faɗa mata," in ji ta. "Faɗa dai zan yi."

A makon Dorathy ta kira Malam Kamaruddeen, jami'in da ke kula da asibitocin yankin. Ta tambaye shi ƙwayoyin tazara na sha da 'yar ƙaramar allurar nan da mace za ta iya yi wa kanta a ɗaki, waɗanda aka yi alkawari tun Yuli. Da akwai su, da Asama'u ta kai a ƙullin zani. Ya ce suna sito, motar da za ta kawo su ita ce ke ɗaukar yara, kuma shi yanzu gawa yake ƙirgawa, ba allura ba. Bai faɗa da faɗa ba. Muryarsa ta wanda ya kwana biyu bai zauna ba ce. Kafin ya kashe ya tambaye ta ko tana da sauran maganin ruwan da ake ba yaran da suka yi cuɗanya da masu cutar. Ta ce kwalba shida. Ya ce ta yi tattali.

Talata ta uku mata biyu suka zo, dukansu daga unguwar bayan rafi, inda mata ke zuwa gona su kaɗai ba mai kallonsu. Falta ba ta zo ba. Ta huɗu ba wadda ta zo. Gero ya fara nuna, tsuntsaye sun cika gonaki, ana jin bugun gwangwani daga kowane gefe. A maƙabartar gabas an haƙa ƙananan kaburbura biyar a wata guda, abin da garin bai saba gani ba ko a lokacin zazzaɓin damina. Kwalabe shidan suka ƙare ranar Lahadi, goma ga Satumba.

Ranar Litinin aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya cinye kwalbatin da ke hanyar Ɗanbatta. Motar da ya kamata ta zo Talata da sassafe ba ta zo ba. Kafin ƙarfe tara mata biyar na zaune ƙarƙashin darbejiyar asibiti da yaransu marasa lafiya, saboda katifu uku sun riga sun cika. Dorathy na ciki da wata yarinya 'yar shekara huɗu da numfashinta ke fita da ƙara kamar ana zuƙar ruwa da kara. Ta ɗaga ta zaune, ta riƙe, ta yi mata abin da ake iya yi a wuri irin wannan. Ba ta leƙa waje ba sai goma saura.

Da ta fito, ta ga mata shida a benci. Ta shidan na tsakiya, cikin shuɗin hijabi, hannayenta a kan cinya. Falta ce. Ta sauke goyonta. Zakiyya na zaune a tabarma tare da wani yaro mai kumburarren wuya, ta karɓe masa kofin robarsa tana sha. Uwar yaron na murmushi, tana cewa 'yar nan ba ta da ƙiwa ko kaɗan.

Dorathy ba ta ɗaga murya ba. Ta sauya safar hannu, ta ɗauki yarinyar, ta zare kofin daga hannunta, ta ce Falta ta biyo ta. Suka zagaya bayan ginin, wurin tankin ruwa. Ta wanke wa Zakiyya hannu da baki da sabulu, tana sane cewa wankin ba zai kai inda abin ya kai ba. Yarinyar ta yi dariya, ta kama igiyar takunkumin.

Ta tambayi Falta tun yaushe suke zaune. Falta ta ce tun da aka tayar da injin niƙa. Minti arba'in ke nan, ko fiye.

"Na ce kada ki zo da ita."

"An faɗa mini, Malama."

"To?"

Falta ta ce sau biyu tana fitowa ita kaɗai. Makon jiya ta kai har famfo, ta tarar da ƙanwar mijinta a layi, sai ta yi kamar ɗanta ta zo nema, ta juya. Shekaranjiya ko famfon ba ta kai ba. Jiya aka aiko cewa Iliyasu na tafe Laraba. Ta kwana tana tuna bayan akori-kurar nan. Da safe ta shiga wurin Huseina, kuma a karon farko ba ta ce unguwa ba, ta ce asibiti za ta, saboda ciwon da ake yi ba ta so ta ɗauki 'yar mutane a rufe.

"Ita ta ce in tafi da ita. Ta ce babu abin da zai kama ta, ai an gama mata allurai. Ta ce duk layinmu babu yaron da ya kai ta zuwa asibiti."

Dorathy ta ji hankalinta ya ɗan kwanta, don ita ma haka ta ɗauka. Fuskar Zakiyya ta fi ta kowane yaro sabo a wurinta. Ta shiga ofis ta ɗauko allurar, ta yi wa Falta a tsaye a bayan tanki, a damtsen hagu. Ranar ƙarshe ce ta rangwamen. Ta rubuta kwanan wata a gaban jan layin, ta rubuta biyar ga Disamba a matsayin na gaba. Sannan, don ta cika aiki, ta jawo babban littafin yara ta nemi sunan.

Zakiyya Huseina, wata goma sha huɗu. Awo tara, tun tana wata uku. Kilo biyar da rabi, shida, shida da ɗigo huɗu, har zuwa takwas da ɗigo bakwai a watan Yuli. Duk rubutun Dorathy ne. Mata huɗu daban-daban ne suka kawo ta, babu uwarta a ciki. Gefen dama na shafin, inda ake cike allurar rigakafi ta mako shida, ta mako goma, ta mako sha huɗu, fari ne tas.

Ta tsaya tana kallon shafin, tana tuna yadda aka yi. Ba ta taɓa yi wa yaron aro allura ba. Ƙa'ida ta ce sai da uwa da kati. Ban da ƙa'ida ma, yaron da aka ara lafiyarsa ƙalau ya koma gida da zazzaɓi da kumburin cinya, sai an tambayi inda aka kai shi. A zuwan farko da na biyu ta tuna ta ce wa mai goyon a gaya wa uwar ta kawo ta da kanta. Mai goyon ta ce to. Amma isar da wannan saƙo daidai yake da faɗin inda aka je, kuma abin da ba a faɗa ke nan. Daga baya Dorathy ta daina cewa. Yarinyar na zuwa, tana ƙiba, tana miƙo hannu a ɗauke ta. Ba ta yi kama da wadda aka manta ba.

Ta kira Malam Kamaruddeen. Ya ce maganin ruwan sai Alhamis, in an gyara kwalbatin. Ta ce yarinya ce da ba ta taɓa samun rigakafi ba, ta sha a kofin mai cutar. Ya ce ta yi mata allurar farko yau, ta sa ido.

Da ta koma bayan tanki ta faɗa wa Falta yadda abin yake, a taƙaice. Falta ta zauna a kan bulo. Ta roƙa a yi wa yarinyar allurar nan take, ita za ta san abin da za ta ce in zazzaɓi ya zo. Dorathy ta ce allurar ba ta kare wanda ya riga ya shaƙa, kuma dole uwar ta san abin da za ta riƙa dubawa, da ranar da za ta fara dubawa. Ba saƙon da za a ba wani ya kai ba ne. An riga an gwada haka.

"Malama, in kika shiga gidan nan, an san komai."

"An sani."

Falta ta miƙe, ta sunkuya, ta ɗora Zakiyya a baya, ta ɗaure.

Sai da mota ta lallaɓo ta wata hanya da azahar ta kwashe yara takwas sannan suka fita. Dorathy ta cire farar riga, amma kular rigakafin na hannunta, kuma babu wanda bai san kular ba. Falta na gaba, ita tana baya. Da suka iso famfo, mai bugawa ta saki hannun famfon. A rumfar niƙa mai injin ya kashe injinsa, ba don ya gama ba. Ba wanda ya gaishe su. Ƙanwar Iliyasu na tsaye da ƙwaryar dawa a ka, ta bi su da ido har suka shiga zauren Huseina.

Huseina na tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli, man gyaɗa na tafasa a kasko. Da ta ga kular ta sauke kaskon daga wuta. Dorathy ta tsaya nesa da ita, ta yi bayani daga farko: benci, tabarma, kofi, littafi. Huseina ta ce ba zai yiwu ba. Ta ce har gida ake zuwa ana ɗiga mata magani a baki, ana shafa mata baƙi a farce. Dorathy ta ce wannan na shan-inna ne, na mashaƙo a cinya ake yi, sau uku.

"Sau tara tana zuwa wurinki. Me ake yi mata?"

"Awo."

"Awo kawai."

"Awo kawai."

Huseina ta goge hannu a zani. Ta kwance 'yarta daga bayan Falta ba tare da ta dubi Falta ba, ta zauna a turmi, ta riƙe cinyar da kanta. Yarinyar ta yi kuka na ɗan lokaci ta daina. Dorathy ta faɗa mata gaskiyar allurar: sai an yi makonni kafin ta fara aiki. Ta ce ta raba ta da sauran yara, kofinta daban, tabarmarta daban. In ciwon zai fito, tsakanin kwana biyu zuwa biyar yake fitowa. Ta riƙa duba cin abincinta, ta riƙa shafa wuyanta safe da yamma. In ta ga wani abu, ko yaya yake, kada ta jira mijinta ya dawo daga gona, kada ta jiƙa komai.

Falta ta ce, "Huseina, ki yafe mini."

Huseina ta ce ita ta miƙa ta da hannunta. Sai da Dorathy ta rufe kular za ta fita sannan ta sake magana, tana kallon kan 'yarta. Ta tambaya ko ɗan Khadijat na layin masallaci ma awo kawai ake yi masa, don shi ma ba ya ƙiwa. Da 'yar Elizabet ta bakin rafi. Ta ce kowane layi da nasa ɗan aron.

Da la'asar Dorathy ta zauna da littafin ta bi shi shafi-shafi, tana neman yaran da awonsu ya yi yawa. Yaron da uwarsa ke kawowa, gefen damansa a cike yake. Ta sami bakwai da gefen damansu fari ne. Su ne masu ƙiba, masu fara'a, waɗanda ta fi sani da suna.

Laraba da Alhamis ta bi gidajen bakwai da kular, da rana, ta hanyar famfo. Huɗu suka buɗe mata. Uku aka ce matan gidan ba sa nan, alhali tana jin daka a ciki. Motar Alhamis ta zo, ta ɗauki yara biyar, ba ta kawo maganin ba. Direban ya ce an raba wanda ke akwai kafin a zo kansu, sai Litinin. Dorathy ta biya gidan Huseina sau biyu. Zakiyya na wasa da murfin kwano a ƙofar ɗaki, cinyar ta ɗan kumbura, wuyan lafiya. Ƙuli-ƙulin na jibge a faranti an rufe da tsumma, ba wanda ya aiko saye.

Juma'a Inna Asama'u ta zo bayan waya. Ba ta yi zancen jaki ba. Ta ce Iliyasu ya dawo Laraba ya tarar da gidan a tsaye. Uwarsa ta tara shi da ƙannensa ta tambaye shi abin da matarsa ke zuwa yi asibiti da 'yar mutane a baya. Ya ce da saninsa, likita ne ya ce. Ya ɗauki lauje ya tafi gona. Tun ranar uwar ba ta amsa gaisuwar Falta. A famfo kuma an fara lissafin su wa da wa aka taɓa gani da goyon da ba nasu ba, ana kiran sunaye.

Dorathy ta tambaye ta sauran mata takwas da wa'adinsu ya wuce. Tsohuwar ta ce kada ta sa ran ganinsu. Babu uwar da za ta ƙara ba da aron ɗanta a garin nan, kuma babu wadda za ta wuce famfo haka nan.

"Kin rufe ƙofar da kika buɗe, 'yar Shago."

"Na sani, Inna."

"Ban ce kin yi laifi ba."

Asabar gari ya waye da hadari a gabas. Dorathy ta buɗe asibiti ƙarfe bakwai, ta wanke katifu biyu da suka zama babu kowa, ta shanya a waya. Kwana huɗu ke nan da Zakiyya ta sha a kofin. Tana cikin ɗauraye bokiti ta ji an tayar da injin niƙa, bai yi minti ɗaya ba aka kashe.

Ta ɗago. Daga inda take ana hango hanyar har famfo. Mace ce tafe cikin shuɗin hijabi, ita kaɗai, a tsakiyar hanya, ba ta sauri kuma ba ta waiwaye. Matan famfo sun juyo gaba ɗaya suna kallonta. Iska ta manna hijabin a bayanta, babu komai a ƙarƙashinsa. A shekara tara Dorathy ba ta taɓa ganin matar aure daga wannan layin ta biyo hanyar nan haka ba.

Falta ta tsaya a bakin ƙofar waya, ba ta yi sallama ba.

"Ta ƙi nono tun asuba," in ji ta. "Huseina ta ce ki zo ki taɓa wuyan."

Dorathy ta kife bokitin. Ta shiga ofis ta ɗauki tocila da itacen danne harshe da sabon takunkumi biyu, ta miƙa wa Falta ɗaya. Ta duba wayarta. An turo saƙo cewa motar ba za ta zo yau ba, sai Litinin. Ta ce wa maigadi ya je gidan mai akori-kura ya ce masa ya zuba mai ya jira. Sannan ta jawo ɗaya daga katifun da ta shanya, da sauran damshinta, ta mayar ɗakin gefe ta shimfiɗa, ta fito ta bi bayan Falta.